Kafin Ka Toshe Bakin Na'ura, Ka Ji Abin da Take Faɗa

Ɗan ƙanwata yana da rumfar cajin waya a Gallabat, ba nisa da gadar da ake ƙetarawa a shiga Matamma ta ƙasar Habasha. Jarinsa duka faifan sola biyu ne, da batir ɗaya, da wata tsohuwar kwamfutar ɗorawa a cinya da ya saya hannu na biyu a Gadarif. Ban da caji yana yi wa mutane turi: karatun malamai, wa'azi, waƙoƙin biki, duk abin da mai waya ke so a zuba masa. Bayan ƙaramar salla wani dattijo ya kawo masa tafsirin azumi na wata guda, fayil talatin masu nauyi, ya ce a matse su yadda za su shiga wayoyin almajiransa. Yaron ya koyi aiki da wata manhaja mai suna ffmpeg, irin waɗanda ba su da hoto ko wurin latsawa, sai dai ka buɗe baƙin allo ka rubuta musu umarni da hannunka. Ya tsara mata ta bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya dame shi kawai surutunta. Kowane fayil ta ɗauka sai ta cika allo da rubutu: sunanta, lambar fitowarta, yadda aka harhaɗa ta, jerin abubuwan da ta dogara da su, ga kuma lissafin da ke ta gudu a ƙasa. Ya nemi magani, aka ce masa ya ƙara 2>/dev/null a ƙarshen umarnin. Ya ƙara, allo ya yi tsit, ya kulle rumfa ya tafi gida.

Da safe ya tarar batir ya ƙare, fayil biyu kacal aka gama. Ya kira ni ransa a ɓace, ya ce, "Kawu, manhajar nan ta lalace." Na ce masa, "Ɗana, bari rana ta ɗaga ka samu caji, ka cire abin da ka ƙara, ka sake kunna ta, ka karanta mini abin da ka gani." Yana kunnawa sai ga tambaya a allo: akwai wani fayil mai wannan suna, in rubuta a kansa ko in bar shi? Irin tambayar da ta yi masa ke nan da dare a kan fayil na uku, wanda ya gwada matsewa da rana ya manta bai goge ba. Ta tsaya tana jiran e ko a'a har batir ya ƙare, shi kuwa ya riga ya toshe ƙofar da tambayar ke fitowa.

Wannan ne ya sa na zauna na rubuta muku, ƙannena da 'ya'yana masu koyon rubuta manhaja, na Gallabat da na Gadarif da na Mai Wurno, da 'yan'uwanku na Kano da Maraɗi waɗanda wannan takarda za ta iske. Na san da yawanku a kan wayar hannu kuke koyo, cikin Termux, allon da bai fi tafin hannu ba. Wanda ke karatu a irin wannan allo, layi arba'in na surutu ya isa ya ture abin da yake nema ya ɓace sama. Saboda haka ban ga laifinku ba da kuke son shiru. Ni ma ina son sa. Abin da nake so ku iya shi ne bambanta shirun da ke nufin lafiya lau da shirun wanda aka ɗaure wa baki.

A fara da sanin ginin gidan. Duk manhajar da ke aiki a baƙin allo tana da ƙofa uku, kowace da lambarta. Ƙofa ta 0 ta nan saƙo ke shiga, wato abin da ka buga da yatsunka. Ƙofa ta 1 ta nan sakamakon aiki ke fita. Ƙofa ta 2 kuwa ta koke ce: kuskure, gargaɗi, tambaya, da duk bayanin da manhajar ke yi game da halin da take ciki. Ta 1 da ta 2 duka a allo ɗaya suke zubowa, shi ya sa sabon shiga ke zaton magudana ɗaya ce. Wannan tsari ya zo ne daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu suka fara ginawa a ɗakin bincike na Bell Labs a Amurka a 1969. Da fari ma babu ƙofa ta 2. Sun ƙara ta ne cikin shekarun 1970, bayan da suka yi ta asarar takarda mai tsada a injin ɗab'i: a tura aiki, a jira, a wanke takardar, sai a tarar abin da aka buga da kyakkyawan rubutu saƙon kuskure ne, domin ya biyo hanya ɗaya da aikin. Suka ga dole koke ya samu ƙofarsa daban, wadda za ta iske mutum kai tsaye ko da an karkatar da sakamako zuwa wani wuri.

To, shi /dev/null rami ne marar gindi. Duk abin da aka jefa ciki ya tafi, ba ya dawowa. A kan Windows sunansa NUL. Idan ka rubuta 2>/dev/null, ma'anarsa ka ce wa na'ura: duk abin da ya fito ta ƙofar koke, zuba shi a rami, kada in gani. Ka rushe abin da waɗancan mutane suka gina bayan sun sha asara. Ita kuwa ffmpeg duk maganarta ta ƙofa ta 2 take fitowa, mai amfani da marar amfani, domin ta bar ƙofa ta 1 a buɗe ko za a buƙaci sauti ko bidiyo ya bi ta nan.

Mu mutanen ƙasar noma ne, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a masussuka lokacin kakar dawa a Gadarif ya san abin da nake nufi. Bayan sussuka hatsi yana gauraye da ƙaiƙayi, kuma ƙaiƙayin ya fi yawa a ido, yana shiga hanci, yana sa jiki ƙaiƙayi kamar sunansa. Amma ban taɓa ganin wadda ƙaiƙayi ya dama ta kwashe tarin duka ta zuba a kwari ba. Shiƙa ake yi. A ɗaga ƙwarya, a bar iska ta ɗebe marar nauyi, tsaba ta sauka a ƙasa. Masu rubuta manhaja na ƙwarai sun riga sun tanadar muku iskar, sai dai ku koyi inda take kaɗawa.

Kusan duk manhajar kirki tana jera maganarta hawa-hawa gwargwadon nauyi. A harshen Python, tun fitowa ta 2.3 a shekarar 2003, akwai sashen da ake kira logging, mai hawa biyar. Na ƙasa shi ne DEBUG, lambarsa 10, maganar bin diddigi ce wadda mai gini ke yi wa kansa yayin farautar kuskure. Sai INFO mai 20, labarin cewa aiki na tafiya. Sai WARNING mai 30, gargaɗi: ban tsaya ba, amma ga abin da ban yarda da shi ba. Sai ERROR mai 40, wani abu ya gaza. Sai CRITICAL mai 50, gini na rushewa. Idan ka zaɓi hawa ɗaya, za ka ji shi da duk na samansa, na ƙasa kuwa su yi shiru. In ba ka taɓa komai ba, Python a kan gargaɗi take tsayawa, kuma wannan zaɓi ne na hankali. Tsarin ya girmi Python: syslog, wanda Eric Allman ya rubuta cikin shekarun 1980, hawa takwas gare shi, daga 0 na gaggawa zuwa 7 na bin diddigi.

Ita ma ffmpeg tana da nata tsanin. Abin da na sa ɗan ƙanwata ya rubuta shi ne -hide_banner, wanda ke ɗauke dogon gabatar da kai da take yi, da -loglevel error, wanda ke cewa kada ta yi magana sai in wani abu ya gaza, da -n, wanda ke amsa tambayar nan tun kafin a yi ta: in kin tarar da fayil mai wannan suna, kada ki taɓa shi. Wanda yake son a rubuta a kan tsohon sai ya sa -y, amma ya san abin da ya yarda da shi. In kana son ka riƙa ganin inda aiki ya kai, ƙara -stats, layi ɗaya ne tak da ke sabunta kansa. Da wannan allon ya yi tsit kamar jiya, fayil ashirin da bakwai suka wuce lami lafiya, ɗaya kuma ya fito da layi biyu da ke cewa asalinsa a lalace yake. Ya koma wurin dattijon ya karɓo wani. Da ramin nan yake aiki, da almajirai sun tarar darasi ɗaya ya yanke a tsakiya, kuma sunansa ne zai ɓaci a gari.

Akwai kuma curl, wadda kuke sauke abubuwa da ita daga intanet. A nan nake so ku fi natsuwa, domin mu ne masu raunin shabaka, wato sabis na intanet. Tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasarmu ranar 15 ga Afrilu 2023 ba mu san tsayayyen sabis ba, kuma a Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani duk suka ɗauke a lokaci guda, mutane suka rasa ko hanyar karɓar kuɗi ta manhajar Bankak. A irin wannan ƙasa, katsewar saukewa a tsakiya abin kullum ne. Idan ka ba curl alamar -s, za ta ɓoye lissafin gudu, amma za ta ɓoye saƙon kuskure tare da shi. Sai ka tashi da rabin fayil ko fanko, kana zaton ka samu. Ƙara babban harafi ɗaya kawai, ka rubuta -sS, sai ta yi shiru in lafiya, ta yi magana in ta gaza. Ƙara -f domin in can ɗaya gefen an ce babu abin da kake nema, ta ɗauke shi a matsayin gazawa, kada ta ajiye maka shafin ban-haƙuri da sunan fayil ɗinka. Sauran manhajoji irin su git da pip da wget suna da -q na rage magana, da yawa kuma suna da -v na ƙara ta. Kafin ka nemi wanda zai ba ka asiri, rubuta sunan manhajar ka bi shi da --help, ka karanta. Minti biyar ne.

Sau da yawa ma surutun ba halin manhajar ba ne, wani ne ya kunna shi ya manta. Ko kai da kanka makon jiya, ko wanda ka kwafo aikinsa. A duba fayil ɗin saituna, a duba ko an bar kalmar DEBUG a kunne cikin muhallin aiki, a duba ko akwai set -x a saman jerin umarni, domin shi ke sa kowane layi ya faɗi kansa kafin ya gudana. Wanda ya bar famfo a buɗe, rufe famfon zai yi, ba haƙa rami a tsakar gida ba. Haka kuma a Python, in ka saukar da hawa zuwa bin diddigi domin ka ga abin da naka rubutun ke yi, za ka ji duk ɗakunan karatun da ka aro sun buɗe baki tare, irin su urllib3 da ke ba da labarin kowace haɗuwa da intanet. Kowannensu yana da suna. Kira mai surutun da sunansa ta hanyar getLogger, ka ɗaga nasa hawan zuwa gargaɗi, ka bar naka a ƙasa. Malamin makarantar allo ba ya korar aji duka don yaro ɗaya ya cika ihu.

Idan kuma ka haɗu da manhajar da ba ta da tsani ko kaɗan, ga abin da nake yi: ba na zubarwa, ajiyewa nake. Maimakon rami, sai in rubuta 2> koke.txt, duk abin da ya fito ta ƙofar koke ya tafi cikin fayil. Allo ya huta, shaida kuma tana nan. In ina son ƙofofin biyu su haɗu a wuri ɗaya sai in rubuta > rahoto.txt 2>&1, kuma a kula, jerin yana da muhimmanci, in aka juya shi koken zai ci gaba da zuba a allo. Bayan an gama, akwai wata 'yar lamba da kowace manhaja ke bari a bayanta: 0 na nufin an yi nasara, duk wata lamba kuma na nufin akwai matsala. Rubuta echo $? za ka gan ta. Wanda ya sa na'ura shiru bai duba wannan lamba ba, ya aiki yaro kasuwa ne bai tambaye shi ko ya sayo ba.

Kada wani ya fahimce ni a karkace, ya ce to ai gara a bar komai ya yi ta zuba. Yawan surutu shi ma makanta ne. Ranar 28 ga Maris 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Fensilbaniya a Amurka, wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya tukunya yana ta tsiyaya. Cikin 'yan mintocin farko ƙararrawa sama da ɗari suka tashi a ɗakin kula, babu hanyar gane wadda ta fi wata nauyi, injin da ke buga saƙonnin a takarda kuma ya yi baya da fiye da awa biyu. Ma'aikatan ƙwararru ne, amma sai da aka shafe sama da awa biyu kafin a rufe hanyar ruwan. Haka kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital ranar 1 ga Agusta 2012: kafin a buɗe kasuwa na'urorinsu sun aika saƙon imel 97 masu nuni da matsalar, ba wanda ya ɗauke su a matsayin ƙararrawa, cikin kusan minti 45 suka yi asarar fiye da dala miliyan 400. Kunnen da ya saba da ihu kullum, ranar da ihun gaskiya ya zo ba zai motsa ba.

Ɗaya gefen kuma, na shirun da ba na lafiya ba, ya faru ranar 14 ga Agusta 2003. A ɗakin kula da wutar lantarki na kamfanin FirstEnergy a jihar Ohayo, manhajar ƙararrawa ta sandare ba tare da ta sanar da kowa ba. Layukan wuta suna ta faɗuwa, allo yana nan tsit, ma'aikata sun fi awa guda suna zaton lafiya ce ta sa shiru. Kafin dare mutum kusan miliyan 50 a Amurka da Kanada suna cikin duhu.

Ni ma na ɗanɗana irin wannan, kuma har yau ina jin nauyinsa. Shekarun baya ina aiki a wani ofis a Khartum, ni ke kula da kwafin ajiya na bayanan ma'aikata. Kowane dare na'ura ke yin kwafin da kanta ta hanyar cron, wanda al'adarsa ita ce duk abin da aiki ya faɗa sai ya aiko maka da shi a wasiƙa. Hikimar tsarin a fili take: in aiki ya tafi daidai bai ce komai ba, babu wasiƙa, in ka ga wasiƙa ka san da magana. Amma manhajar kwafin tamu mai surutu ce, kullum safiya sai na tarar da doguwar wasiƙa da ba ta ce komai ba. Na gaji, na tura ƙofofin biyu duka cikin rami. Faifan ajiya ya cika, manhajar tana kuka kowane dare har wata huɗu, ba mai ji. Ranar da babbar na'ura ta mutu muka je ɗauko kwafi, sai muka tarar na ƙarshe mai kyau ya tsufa da wata huɗu. Mutane uku suka yi makonni suna sake shigar da bayanai daga takardu, wasu ma'aikata kuma albashinsu ya makara, masu iyali. Ba wanda ya zage ni. Da an zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Garinmu ya san darajar magana ɗaya a cikin hayaniya. A nan Gallabat, ranar 9 ga Maris 1889, rundunar Sarkin Habasha Yohannes na Huɗu ta auka wa Ansaru na Mahadiyya ƙarƙashin Zaki Tamal, har ta fara keta shingensu. Cikin ƙarar bindiga da kururuwar dubban mutane, labari ɗaya ne ya juya ranar: an harbi sarki. Da ya bazu sai rundunar da ke gab da nasara ta watse. Kakanninmu kuma da suka biyo wannan hanya da ƙafa zuwa hajji, madugunsu ba ya toshe kunne da dare don jakai na kuka. Ya san kukan jaki, ya san na kura, kuma barcinsa bai hana shi bambantawa ba.

Yanzu ga ku masu rubuta taku manhajar, domin gobe ku ne wani zai zauna yana fama da surutunku. Na san yadda ake yi, ni ma haka na koya: abu ya ƙi aiki, sai ka watsa print ko'ina, "na iso nan", "na iso nan 2", har ka kama ɓarawon. Ba laifi. Laifin shi ne ka miƙa wa mutane aikin da waɗannan a ciki. Kafinta ba ya kai wa mai gida ƙofa da zanen fensir da ƙusoshin gwaji a jikinta. Mayar da su saƙonnin logging a hawan bin diddigi, su kwanta har ranar da za a buƙace su, ka ba mai amfani alamar -v da zai tashe su da ita. Sakamako ya bi ƙofa ta 1 shi kaɗai, koke ya bi ta 2, domin wani zai so ya haɗa bakin manhajarka da kunnen wata, kuma "sannu da zuwa" ɗinka zai gurɓata masa lissafi. In ta gaza, ta faɗi abin da ya gaza da inda ya gaza, cikin kalmomin da mai rumfar caji zai gane, ta kuma fita da lambar da ba 0 ba. In ta yi nasara, ta yi aikinta ta wuce.

Mutanen Unix sun koyi wannan kamun baki ne saboda rashi. Injin Teletype samfurin 33 da suke aiki da shi haruffa goma yake bugawa a daƙiƙa, a kan takarda, da ƙara kamar injin niƙa. Kowace kalmar banza lokaci ce da takarda. Editansu na farko, ed, in ka yi kuskure alamar tambaya ɗaya tak yake nuna maka, wanda ni a ganina ya wuce gona da iri. Amma tushen tunanin daidai ne, kuma ya fi dacewa da mu fiye da waɗanda ke zaune inda wuta ba ta ɗaukewa. Mai aiki da batirin sola, yana sayen data da kuɗin cefane, yana leƙa wata na'ura mai nisa ta layin da ke rawa, shi ya fi kowa sanin tsadar layi dubu marasa amfani.

Mafi munin shiru kuwa shi ne wanda ake ginawa a cikin rubutun kansa. A Python mutum ya rubuta except, ya bi shi da pass, wato duk kuskuren da ya taso a haɗiye shi a wuce. Ko ya sa a kashe gargaɗi duka a layin farko don allo ya yi kyau ranar nuna aiki. Na roƙe ku kada ku saba da wannan. In akwai kuskure ɗaya da kuka san shi, kuka san ba ya cutarwa, ku kama shi da sunansa shi kaɗai, ku rubuta dalili a gefe domin wanda zai gaje ku. Gargaɗin da ke cewa wani abu ya kusa daina aiki ma'anarsa an ba ku wa'adi. Python 2 an daɗe ana shelar ƙarshenta kafin a daina kula da ita ranar 1 ga Janairu 2020, kuma waɗanda suka toshe kunne su ne suka yi gudun ƙarshe.

Saura magana ɗaya, kuma ita ta fi tsaya mini a rai saboda halin da muke ciki. Saƙonnin bin diddigi ba su da kunya, duk abin da suka gani suna faɗa: kalmar sirri, mabuɗin shiga, lambar waya, sunan mutum. A watan Mayun 2018 kamfanin Twitter ya nemi masu amfani da shi sama da miliyan 330 su canza kalmar sirri, saboda an gano tana sauka tsirara a wani kundin bayanan cikin gida. In wannan ya sami kamfani mai injiniyoyi dubbai, mu ba mu fi ƙarfinsa ba. Tun da dubban mutane suka fara kwararowa ta Gallabat suna ƙetarawa Matamma, da kuma bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar 2023 lokacin da Gadarif ta cika da waɗanda suka baro gidajensu, wasunku sun samu aikin shigar da sunaye da tsara jerin masu karɓar taimako. Waɗannan sunaye amana ce. A lokacin yaƙi, sunan mutum da garinsu da lambar wayarsa in suka faɗa hannun da bai dace ba, abin da zai biyo baya ya wuce asarar kuɗi. Kada manhajarku ta rubuta su a kundin bin diddigi. In kun ajiye koke a fayil kamar yadda na ce, ku san inda fayil ɗin yake, ku goge shi in ya gama amfani, kada ya kwana a kwamfutar da kowa ke taɓawa. In za ku ɗauki hoton allo ku tura wa wani ya taimaka muku, ku karanta shi layi-layi tukuna, ku shafe abin da ba na idon kowa ba.

Ɗan ƙanwata yanzu yana da ɗan littafi a rumfarsa, duk saƙon da bai gane ba yana kwafe shi da biro, in mun yi waya ya karanta mini. Turancinsa ba mai yawa ba ne, karatunsa da Larabci ya yi, amma ya gano cewa saƙonnin nan kalmominsu ba su da yawa, su ne dai ke ta dawowa: ba a samu fayil ba, ba ka da izini, wuri ya cika, haɗi ya yanke. Cikin wata biyu ya daina kirana a kan waɗannan.

Ku ma ina roƙonku, a daren nan kafin ku kwanta, ku buɗe jerin umarnin da kuka rubuta ko kuka kwafo, ku nemo duk inda /dev/null ya bayyana. Ku cire shi sau ɗaya, ku kunna aikin, ku karanta abin da ya fito tun daga layin farko har na ƙarshe. Wanda kuka gane kuka tabbatar ƙaiƙayi ne, ku kashe shi da alamarsa. Wanda ba ku gane ba, ku bar shi a buɗe, ku tambayi na gaba da ku. Allah Ya yi wa karatunku albarka, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu.